Wanda Ba Ya Cikin Littafi, Babu Shi Ke Nan?

Akwai wata magana da ta shigo bakin ma'aikatan ƙasar nan, wadda kakanninmu ba su taɓa jin irinta ba, amma yau ko yaron da ke tallar goro a bakin Ƙofar Doka ya san ta. Maganar ita ce, "Malam, ba ka cikin kwamfuta." Ana faɗa wa ɗan fansho ita, ana faɗa wa ɗalibi mai neman shiga jami'a, ana faɗa wa tsohuwar da ta zo karɓar tallafi. Mutum yana tsaye da ƙafafunsa, ga hularsa, ga inuwarsa a ƙasa, amma a ce masa babu shi. Shi kuwa ma'aikacin ba ya jin ya yi ƙarya ko ya yi zalunci, domin a ganinsa ai ba shi ya faɗa ba, na'ura ce ta faɗa. A watan Afrilun 2022 an hana layukan waya fiye da miliyan 70 yin kira a Nijeriya saboda ba a haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa ba. A cikin masu layukan nan akwai waɗanda suka yi sakaci, akwai kuma waɗanda suka yi ta sammako suna bin layi lambar ba ta samu ba. Na'ura ba ta bambanta su ba.

Tambayar da muke son mu tattauna da mai karatu ita ce: shin ya halatta hankali ya tashi daga "ban same shi a rubuce ba" ya sauka a kan "babu shi"? In ya halatta, a wane hali, kuma wa zai ɗauki alhakin wanda aka kore?

Kada a ɗauka wannan tambaya baƙuwa ce da ta zo da wutar lantarki. A zaurukan birnin Zazzau, musamman unguwannin malamai irin su Kona da Juma, ɗalibin da ya yi nisa yakan kai ga ilimin manɗiƙi, wato ilimin da ke tsare tunani daga kuskure kamar yadda nahawu ke tsare harshe daga lahani. Littafin da aka fi farawa da shi shi ne Sullam, kuma mutane da yawa ba su lura ba cewa mai shi, Abdurrahman al-Akhdari, mutumin Aljeriya na ƙarni na 16, shi ne dai mai Ahalarin nan da kowane ɗanmu yake biyawa a babin tsarki da salla. A nan ɗalibi yake koyon ƙiyasi: a kafa magana biyu, ta uku ta fito daga cikinsu ko an so ko an ƙi. Duniya tana sauyawa, duk abin da ke sauyawa fararre ne, saboda haka duniya fararriya ce. Ba duka malamai suka yarda da wannan ilimi ba. Shehu Maghili, wanda ya sauka Kano wajen 1492 a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare manɗiƙi har ya yi rubutu a kansa, Shehu Suyuɗi na Masar kuwa ya haramta shi, suka yi ta mayar wa juna martani cikin waƙe, kamar yadda Ahmad Baba na Tambutu ya adana mana. Ƙorafin masu haramtawa shi ne abin ya fito daga Yunanawa. Maghili yana ganin a dubi maganar tukuna kafin a dubi mai ita. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi tsammanin wata rana za a ɗora ƙiyasi a kan ƙarfe ya riƙa yi da kansa.

Abin da ya faru ke nan a 1972 a birnin Marsel na Faransa, inda Alain Colmerauer da Philippe Roussel suka ƙirƙiro harshen kwamfuta mai suna Prolog, bisa tunanin da suka yi musayarsa da Robert Kowalski na Jami'ar Edinbura. A sauran harsunan kwamfuta sai ka gaya wa na'ura ta yi kaza sannan ta yi kaza, daki-daki. A wannan kuwa abu biyu kawai kake ba ta: labarai da ƙa'idoji. Alal misali ka rubuta mata cewa Shehu Usmanu mahaifin Muhammadu Bello ne, Muhammadu Bello kuma mahaifin Aliyu Babba ne. Sannan ka ba ta ƙa'ida cewa mahaifin mahaifi kaka ne. In ka tambaye ta wane ne kakan Aliyu Babba, za ta ce Shehu Usmanu, alhali ba ka taɓa gaya mata haka ba. Ƙiyasin Sullam ne sak, sai dai ita ba ta gajiya, ba ta kuma jin kunyar kowa.

To, amma tambaye ta ko Nana Asma'u 'yar Shehu ce. Tunda ba ka rubuta mata ba, za ta duba ta rasa, sai ta ce maka a'a. Ba za ta ce ba ta sani ba. Masu wannan fanni ba su ɓoye abin ba, har suna suka ba shi: a 1978 Keith Clark ya yi bayanin yadda ake mayar da gazawar tabbatarwa ta zama korewa, a shekarar kuma Raymond Reiter ya kira shi zaton rufaffiyar duniya. Ma'anarsa, a ɗauka duk abin da yake gaskiya yana cikin littafin, abin da ba ya ciki kuwa ƙarya ne.

Mu da muka tashi a cikin ganuwa ba za mu yi saurin raina wannan zato ba. Lokacin da ake rufe Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da sauran ƙofofi in rana ta faɗi, mai unguwa ya san kowane gida da wanda ya kwana a zaurensa. In ya ce babu baƙo a unguwarsa, maganarsa ta kusa zama yanke. Akwai kuma littattafan da su ne suke haifar da abin da ke cikinsu. In sunanka ba ya cikin littafin masu ajiya na banki, to ba ka da ajiya a can, domin rubutun shi ne ajiyar. In jirgin ƙasa ba ya cikin jadawalin tasha, kada ka ɓata lokacinka kana jiran sa. A irin waɗannan wurare rufe duniya daidai ne, kuma ba a iya gudanar da komai sai da shi. Matsalar tana tasowa ne inda littafi labari kawai yake ɗaukowa na abin da ya auku a wajensa, kamar haihuwa da aure da mutuwa. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kacal na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa. Sauran fa? An yanka musu rago, an raɗa musu suna, suna nan suna kuka suna shan nono.

Waɗanda suka zo gina abin da ake kira yanar ma'ana sun gane wannan. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo a 1989, ya fitar da maƙala a watan Mayun 2001 tare da James Hendler da Ora Lassila, suna hasashen wata yana wadda na'urori za su fahimci abin da ke rubuce a cikinta, su yi ƙiyasi da shi, har su yi wa mutum hidima kamar nemo masa likita da tsara masa ranar ganinsa. Dabarar ita ce a yanka kowane sani zuwa jimloli masu gaɓa uku, kamar mubtada'i da habari da abin da ya haɗa su: Magana Jari Ce, marubucinsa, Abubakar Imam. Amma da yake yana ba ta da ganuwa, kuma babu wanda zai ce ya karance ta duka, sai harshen OWL da suka tsayar a 2004 ya ɗauki zaton buɗaɗɗiyar duniya. A wurinsa abin da ba a faɗa ba, ba a san shi ba ne kawai. Haka kuma bai ɗauka suna biyu mutum biyu ne ba, abin da zai yi wa duk wani Muhammadu da aka rubuta Mamman a takardar makaranta, Mohammed a banki, daɗin ji. Daga nan aka shiga wahalar aurar da gidajen nan biyu, wato ƙa'idojin Prolog masu rufe duniya da ƙamusoshin yana masu barin ta a buɗe. An yi yunƙuri a 2003, an sake a 2004, an kuma fitar da wani tsari na musayar ƙa'idoji a 2010. Wahalar ba ta injiniya ce kaɗai ba. Saɓani ne a kan ma'anar shiru.

Abin ya ƙara nauyi da na'urori suka fara aiken junansu. Manhajar kamfanin waya tana tambayar ta hukumar shaidar ɗan ƙasa, ta banki tana tambayar wata, ta hukumar jarrabawa tana jiran amsar wata, babu ɗan Adam a tsakani. In ta farko ta ce "ban samu ba", ta biyu sai ta karɓa a matsayin "babu", ta uku ta yanke hukunci. Malaman hadisi da suka ga irin wannan isnadi da sun yi watsi da shi tun daga gaɓa ta biyu, domin a wurinsu wanda ya tabbatar da abu ana gabatar da shi a kan wanda ya ce bai ji ba.

Mu ɗauki misalin da ya fi kusa da gida, wato rabon gado, wanda kusan shi ne fannin fiƙihu da ya fi dacewa da na'ura, tunda lissafi ne da sharuɗɗa. Mutum ya rasu ya bar naira 800,000, da mata ɗaya, da ƙane shaƙiƙi, iyayensa sun riga shi. In ba shi da ɗa, matar tana da rubu'i, naira 200,000, ƙanen ya kwashe 600,000. In yana da ɗa namiji ko guda ɗaya ne, matar ta koma sumuni, naira 100,000, ɗan ya ɗauki 700,000, ƙanen ya tashi a tutar babu. Dubi yadda dukiyar nan kaf ta rataya a kan kalma ɗaya, "in ba shi da ɗa". Na'ura za ta duba jerin sunayen da aka ba ta, ta ga babu ɗa, ta raba cikin ƙiftawar ido. Mu kuwa mun san garinmu. Mun san fataken da suka bi hanyar Gwanja suka yi aure a Kumasi, mun san alhazan ƙafa da suka yada zango a Sudan suka hayayyafa. Ko a zamanin da ganuwa take tsaye, dangin Bazazzage ba su ƙare a cikinta ba, balle bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, Sabon Gari da Tudun Wada suka tsiro a bayanta.

Yadda malaman Malikiyya suka bi da wannan wuri abin a tsaya a duba ne. Shaidun da za su lissafa magada a gaban alƙali, ba a neman su ce mamaci ba shi da wani magaji. Abin da ake so su ce shi ne ba su san masa wani magaji ba ban da waɗannan. Suna shaida ne a kan iyakar saninsu, kuma lafazin da kansa ya bar ƙofa a buɗe. In matar tana da ciki, sai a dakatar da rabon gaba ɗaya har ta haihu, saboda wani magaji da babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa, ba shi da suna, ba ya cikin littafin kowa. Sai kuma babin wanda ya ɓace, wanda duk mai karatun Risala ko Muhtasar ya bi ta kansa. Matarsa takan kai ƙara, alƙali ya bincika iyakar iyawarsa, in an rasa labari ya yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10, ta sami damar yin aure. Amma dukiyarsa ba a taɓa ta sai ya kai shekarun da tsaransa ba su cika wucewa ba, waɗanda aka fi ƙaddarawa da 70, wasu suka ce 75, wasu 80.

Mai karatu ya lura, mutum ɗaya ne, rashin labarin ɗaya ne, amma wa'adi biyu. Ta fuskar matarsa an ɗauke shi matacce bayan shekara 4, ta fuskar gonarsa kuwa rayayye ne har tsufa. Mai manɗiƙi tsantsa zai ce wannan tufka da warwara ce, mutum ba ya zama matacce kuma rayayye. Amsar ita ce malaman ba su ce sun san halinsa ba. Sun auna cutarwa ne. Jira yana cin matar da rai, gona kuwa ba ta tsufa kamar mace. A ganinmu nan ne gaɓar maganar take. Babu wanda zai iya rayuwa da buɗaɗɗiyar duniya har abada, domin alƙalin da ya ce ba zai yi hukunci ba sai ya san kome, ya zalunci masu ƙara duka biyu. Dole wata rana a rufe. Sai dai rufewar hukunci ne na ɗan Adam, yana zuwa bayan bincike, yana da wa'adi, yana da mai sa hannu da za a iya tuhuma, kuma ana duba wanda zai fi cutuwa in zaton ya zo kuskure.

Su ma masu Prolog sun taɓa cin karo da wannan. A 1986 wasu masana a Kwalejin Imperial ta Landan, cikinsu har da Kowalski, suka wallafa yadda suka mayar da dokar zama ɗan ƙasa ta Birtaniya ta 1981 zuwa ƙa'idojin na'ura. A cikin dokar akwai sashen jaririn da aka tsinta an yar: ana ɗaukar sa ɗan 'yan ƙasa ne matuƙar ba a nuna akasin haka ba. Wannan ma ƙiyasi ne daga shiru, irin wanda na'urar ta iya, amma shirun ya faɗa wa jaririn ne ta gefen alheri. Haka fiƙihunmu ya ɗauki ɗan tsintuwa a matsayin ɗa, ba bawa ba, haka kuma ya ɗora hujja a kan mai ƙara, ya bar wanda ake ƙara da asalin kuɓutarsa. Ke nan na'ura ba ta da ra'ayi a kan inda shiru zai karkata. Ana iya rubuta mata "a biya shi sai in an tabbatar ya mutu", ana kuma iya rubuta mata "kada a biya shi sai ya tabbatar yana raye". Layi ɗaya ne ya raba su, kuma wani mutum ne, a wani ofis, ya zaɓi layin. Gwamnatin Ostireliya ta zaɓi na biyu daga 2016, ta riƙa aika wa masu karɓar tallafi takardun bashi da na'ura ta ƙiyasta, tana cewa su kawo hujjar ba a bin su. A 2019 aka tabbatar hanyar ta saɓa wa doka, kwamitin binciken da ya ba da rahoto a 2023 kuma ya yi tir da tsarin.

Za a ce mana, kuma da gaskiyar mai cewa, ai magatakardan ɗan Adam da muke yabo shi ne ya cika takardun albashi da ma'aikatan bogi, shi ne kuma yake ɓatar da fayil sai an ba shi na goro. Na'ura ta toshe ɓarna mai yawa, ba mu musu. Amma wanda ya ƙirƙiri ma'aikacin bogi yana da hannu a cikin ofis, gobe ma zai san yadda zai shigar da suna. Wanda ake korewa a bakin taga galibi shi ne wanda ba shi da kowa a ciki, ba shi da kuɗin motar zuwa Kaduna sau uku. Maganin da ya fi kama marar laifi fiye da mai laifi yana bukatar a sake auna shi.

Yanzu mu dawo kan sana'armu, domin mu ma abin ya shafe mu. Littattafan da suka fito ta hannun Kamfanin Gaskiya da ke Tukur-Tukur, da hukumar NORLA a shekarun 1950, da kamfanin NNPC daga 1966, sun shiga kundayen ɗakunan karatu, daga nan suka shiga na'ura. Amma dubban littattafan da matasa maza da mata suka buga da kuɗin aljihunsu tun daga tsakiyar shekarun 1980, da yawansu ba su da lambar littafi ta duniya, ba su da shekarar bugu, ba a kuma kai wa Ɗakin Karatu na Ƙasa kwafi 3 da dokar 1970 ta nema ba. Ba don aikin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar a 2004, inda suka jera littattafan 1987 zuwa 2002, da wasu sunayen sun bi iska. Haka rubuce-rubucen ajami da na Larabci da ke kwance a gafaka da adaka a gidajen malaman cikin birni: abin da John Hunwick ya tattara a kundinsa na 1995, da wanda ke ajiye a Jami'ar Ahmadu Bello, shi duniya ta sani. Ɗalibin da zai tambayi na'ura gobe ko wata mace ta taɓa rubuta waƙar wa'azi a Unguwar Juma, amsar da zai samu ta dogara ne da abin da aka shigar, kuma in bai yi hattara ba zai rubuta a kundin digirinsa cewa ba a taɓa yi ba. Wani ya karanta ya kafa hujja da shi, shi ke nan an binne baiwar Allah sau biyu.

Rumbun nan na Wikidata da aka buɗe a 2012, wanda yau yake ɗauke da abubuwa fiye da miliyan 100, ya yi wata dabara da ta burge mu. Ya raba hali uku: a bar gurbi fanko don ba a kai gare shi ba, ko a rubuta cewa akwai amsa amma ba a san ta ba, ko a rubuta cewa lallai babu. Yana kuma barin magana biyu masu saɓani su zauna tare, kowace da madogararta. Wannan ya dace da tarihi irin namu, inda Tarihin Kano ya sa Sarauniya Amina a zamanin Sarki Dauda, farkon ƙarni na 15, wasu ruwayoyin kuma suka mai da ita 'yar Bakwa Turunku a ƙarni na 16. Na'urar da ba ta ɗaukar amsa sai ɗaya dole ta kashe ruwaya guda, kuma ba za ta gaya wa kowa ta kashe ba.

Shawararmu ga rassan ƙungiya ita ce kowane reshe ya buɗe littafin rajista na ayyukan 'ya'yansa, da na magabatan garinsa, har da waɗanda aka ji labarinsu a bakin dattawa ba a ga kwafinsu ba. A rubuta sunan littafi, da mai shi, da maɗaba'a, da shekara in an sani, da sunan wanda ya ba da labarin. Inda aka nemi abu aka rasa, a rubuta "an nema ba a samu ba", a sa kwanan wata, sakataren reshe ya sa hannu. Na Zariya ya fara da unguwannin Kona da Juma tun dattawan da suka san abin da ke cikin gafakokin suna da rai.